Jajayen Ɗigo a Wayar Maman Biyu

Duk wanda ya taɓa kai kaya shagon wankin Maman Biyu ya san tana da hali biyu, kuma ba ta ba kowa haƙuri a kansu. Na farko, ba ta sallamar riga da tabo. Sai ta ɗaga ta a hasken bakin ƙofa, ta duba wuya, ta duba hammata, ta zazzage aljihu. In ta ga ɗigon biro, ko bai kai ƙwayar shinkafa ba, riga ta koma baho, kai kuma ka dawo gobe. Na biyu, ba ta tsallake layi. Kayan da suka fara shigowa su ke fara hawa teburin guga, ko da mai ginin da take haya ne ya tsaya a kanta yana rantsuwa jirgi zai tashi ya bar shi. Da waɗannan halaye ta tara masu kawo wanki har ta sayi inji na biyu. Da su kuma ta kusa zautar da kanta a wata harka da ba ta haɗa komai da sabulu ba.

Ita ce auta a gidansu, kuma duk cikin 'yan'uwanta ta fi shaƙuwa da babban yayansu, mai aikin wayar lantarki, wanda neman abinci ya kai wani gari mai nisa tun tana makaranta. Yaya mutum ne da waya ba ta karɓe shi ba. In ka kira shi, lafiya lau, ya aiki, ya yara, a gaida mutanen gida, ƙit. Amma akwai wani wasa na intanet da ya koya mata shekarun baya, na tsibirai da kwale-kwale, inda ake sarar itace a wannan tsibiri a loda a kai wancan. Tafiyar doguwa ce, ba abin yi sai tuƙi, to a nan bakin Yaya yake buɗewa. Shi a baya riƙe da matuƙi, ita a gaba tana lura da duwatsu, kowa da abin sauraro a kunne. Nan za ta sha labarin ogansa, da rigimar maƙwabta, da dukan da ya ci ranar da ya kwance rediyon babansu ya kasa mayarwa. Wasu mutanen haka Allah ya yi su, sai hannunsu na aiki harshensu ke motsi.

Haihuwar tagwaye ce ta raba ta da wasan. Ba ta yi niyyar bari ba. Cewa ta yi sai sun fara barcin kirki, daga nan sai sun zauna, sai sun yi haƙori, sai an yaye su. Wata rana waya ta cika, ta goge wasan don ta samu wurin ajiye bidiyon tafiyarsu ta farko, ko a jikinta.

Ana nan sai Yaya ya faɗo daga kan tsani a wurin aiki. Aka yi masa aiki a ƙugu, ta je asibiti ta dubo shi, ya ce da sauƙi, ta dawo. Watanni suka shuɗe, kullum amsar ke nan, da sauƙi. Ran nan da hantsi tana fesa wa wani farin wando ruwa, sai ga kiran matarsa.

"Auta, yayanki fa ba ya magana."

"Haba Anti, da can yaushe ya taɓa yi?"

"Ba irin wannan ba. Ya ci abinci, ya sha magani, ya juya wa mutane baya. Ranar da muka koma wurin likita cewa ya yi in jira a waje, har yau ban san me aka gaya masa ba. Abokan aikinsa sun zo, ya ce a ce barci yake. Wasan nan naku kaɗai yake buɗewa, shi ma shiru, ya zuba masa ido. Don Allah ki shiga ki same shi. Ke yake yi wa magana."

Muryar matar ta karye a ƙarshe, kuma tsoro na gaske ya kama Maman Biyu. Ta ce, "Yau ɗin nan, Anti, in sha Allahu." Ta kashe dutsen guga, ta zauna a kan kujerar roba ta fara sauke wasan.

Abin da ya buɗe a gabanta ba shi ta bari ba. Kafin ta ga ruwa ko itace, sanarwa ta faɗo, ta rufe, wata ta faɗo a kanta, ta rufe, wata ta zo da kiɗa da tartsatsi tana yi mata barka da dawowa. An ba ta kyautar akwatin da ba ta san yadda ake buɗewa ba, an gayyace ta yaƙin da ba ta san da wa ake yi ba. Tsibiran da ta sani ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba, yanzu sai ta ja taswira ta ja, ba ƙarshe. Akwai birni a sama, akwai wani a ƙarƙashin ruwa, akwai dabbobin kiwo da ke kukan yunwa da sunanta alhali ba ta san ranar da ta mallake su ba. A kan kowane maɓalli kuwa ga ɗan jan ɗigo zaune, wato akwai abin da ba ta duba ba. In ta danna ɗaya ya ɓace, sai ta tarar da 'ya'yansa a ciki.

Ita kuma ga ta tsaye a mashigar jirage cikin tsohuwar rigarta ruwan ƙasa, mutane na wuce ta da fukafukai da sulke mai walƙiya. Wani mara kunya ya tsaya ya rubuta mata, "Kaka, daga wane zamani?"

Ta buɗe wurin abokai. Sunan Yaya na nan da koren haske, alamar yana ciki, kuma matakin da ya kai ya ninka nata nesa ba kusa ba. Gabanta ya faɗi. A ranta ta ce, mutumin da ke fama da kansa, shi zan je in ɗora wa koyarwa? Yaya wannan fa, Yaya wancan fa? Ai sai in ƙara masa ciwon kai. Kunya ta rufe ta. Ta lalubo wurin da ake ɓoye kai don kada abokai su ga mutum, ta danna. Bari ta ɗan kintsa tukuna, in ji ta, ta goge jajayen nan, sannan ta je masa fes.

Da wata ce, sai ta fara da abin da ake yayi yanzu. Maman Biyu kuwa ta gangara can ƙasa ta nemo aikin da ya fi kowanne daɗewa yana jiranta, ta fara daga nan, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Ta jingina wayar a jikin gwangwanin sitati. In inji na juyawa ta kai saƙo birnin sama, in dutse na ɗaukar zafi ta ciyar da wata dabba mai kama da akuya mai ƙaho uku. Ta karanta kowane bayani har ƙarshe kamar za a yi mata jarrabawa. Idonta ya yi ja, wuyanta ya sage, kuma ko sau ɗaya ba ta ji daɗin abin ba.

Mijinta direban motar makaranta ne, tsakanin kai yara da ɗauko su yakan biyo da abincin rana su ci tare a bayan kanta. Ya kalle ta kwana ɗaya, kwana biyu, ya ga cokali a hannun dama, waya a hagu.

"Maman Biyu, wai aikin gwamnati kika samu a cikin wayar nan?"

"Ka bar ni, na kusa."

"Jiya ma kin kusa. Kin gaisa da Yaya?"

"Sai na gama share waɗannan."

Ya leƙa ya ga jajayen, ya yi dariya har ya ƙware. "Waɗannan? Ai mutanen da ke zuba su albashi ake biyansu. Ke kaɗai, su kamfani guda. Kin taɓa ganin ranar da garin nan ya daina ɓata kaya?"

Ta harare shi, ta ce wanda bai san kan abu ba ya ci abincinsa. Ya ce ya ji, ya ja kwanon gabansa har da nata naman.

Amma da safiyar wata Talata ta buɗe shago, ta kunna inji, ta buɗe wasan, sai ta ga an shiga sabon zango. Layin da ta yi kwanaki tana sharewa ya sake cika, har da sababbin maɓallan da jiya babu su. Tana kallonsu, kiran matar Yaya ya shigo.

"Auta, kin same shi kuwa? Ban ji muryarsa ba."

"Anti, ina dai shiri."

"Shirin me?"

Ba da faɗa ta tambaya ba, da gaske take so ta sani. Me Maman Biyu za ta ce, tana kiwon akuya mai ƙaho uku? Bayan sun yi sallama ta kifa kai a kan tulin zannuwan gado ta yi kuka, na takaici da na jin nauyin baiwar Allahn nan da ke can tana kasa kunne. Da ta share ido ta yanke shawara. Ba za ta iya wasan nan ba, ya wuce ta. Za ta fito fili ta gaya wa Yaya haka, ko ba komai ya ji muryarta. Ta sa abin sauraro, ta cire ɓuyan.

Ko numfashi ba ta gama saukewa ba, sai ta ji muryarsa.

"Auta?"

"Na'am, Yaya."

"Ke ce da gaske, ko yaran ne suka danna?"

"Ni ce. Yaya, ni fa na kasa. Komai ya canza, ban san inda zan sa ƙafa ba. Ga jajayen abubuwan nan, in na goge ɗaya goma su fito."

"Ina kike tsaye?"

"Mashigar da muke tashi."

"Kar ki taɓa komai. Ga ni nan."

Ta zaci za ta ga ya sauko daga sama da fukafukai. Sai ga tsohon kwale-kwalensu ya kewayo ta bayan manyan jirage, gabansa duk faci, Yaya a baya cikin irin rigarta ruwan ƙasa.

"Yaya! Ina sulkenka? Ina kayan?"

"Wane kaya?"

"To jajayen fa, ya ka yi da su?"

"Me zan yi da su? Suna nan. Nawa sun fi naki, ko kallonsu ba na yi."

"Ba ka taɓa buɗewa ba?"

"Na buɗe ɗaya, aka ce in je in yi yaƙi. Da ƙugun nan?"

Dariya ta kufce mata, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ta ji kamar an sauke mata buhun jiƙaƙƙun barguna daga ka. Ashe duk matakin nan da ya tsorata ta, itace ne kawai. Kullum sai ya sara, ya loda, ya kai, ya dawo, shi kaɗai, a hanyar da kowa ya daina bi.

"Shigo mana," in ji shi. "Abin nan ba ya tuƙuwa da mutum ɗaya. Duk dutsen da ke hanyar nan na gaisa da shi."

Ta shiga ta zauna a gaba. Suka bar mashigar da hayaniyarta, kiɗan ya ragu, ya zama sai ƙarar ruwa. Hannunta bai manta ba. Ta ce dama, ya karkata dama. A shagon inji ya gama juyi ya tsaya, ba ta tashi ba. Wani ya leƙo da leda cike da kaya, ta nuna masa kan kanta da haɓa, ya ajiye ya tafi.

Suka yi nisa cikin ruwa. Ta san halinsa, ba ta tambaye shi jiki ba. Can ya tambayi tagwaye, ta ba shi labarin yadda ɗayan ya jefa takalmin ubansa cikin injin wanki. Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya kawo zancen wani yaron aikinsu da ke tsoron tsani, ya faɗi rabi, ya bar shi nan.

"Auta."

"Ina ji, Yaya."

"Likita ya ce ni da hawa sama har abada. Tafiya zan yi, da sanda. Amma aikin nan ya ƙare."

Ta runtse ido. Abin ya yi mata zafi, amma tare da zafin ta ji wani sanyi, don abin da ta yi ta tsoro a ranta ya fi wannan muni. Yana nan, zai taka ƙasa, kuma ga shi yana magana.

"Hagu, Yaya, akwai dutse."

Ya kauce. Suka wuce shi lafiya.

"Tun ina saurayi abin da na iya ke nan," ya ce. "Ban san da wane baki zan gaya wa antinki ba."

"Da wannan da ka gaya mini. Wallahi shirun ya fi cinta. Tana ina yanzu?"

"Tana tsakar gida, ina jin motsinta. Tun ɗazu take share wuri ɗaya a bakin taga."

"To?"

Kwale-kwalen ya rage gudu, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, alamar ya saki matuƙi. Ta ji ƙarar gado, ta ji ya yi gyaran murya, sannan muryarsa ta ɗan yi nisa da wayar.

"Ke, ajiye tsintsiyar nan haka. Zo ki zauna kusa da ni, magana zan yi miki."