Makullin Gwaggo Dije

A cikin duk waɗanda suka hana ni sakat a kan littafina, Gwaggo Dije ce a sahun gaba, ga shi kuwa ko harafi ɗaya na boko ba ta karantawa. Yayar mahaifina ce. Sana'arta bandar kifi, a ƙauyenmu na bakin dam ɗin Tiga, cikin ƙasar Bebeji. Tun ina ƙarama nake ganinta a gaban tukuba, idonta jajir saboda hayaƙi, tana juya tarwaɗa da hannu kamar wuta ba ta ƙuna.

Ba a nan aka haife ta ba. Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwa. Tana da shekara goma sha biyu aka tashe su saboda dam. Ranar tashi, kakana ya rufe turakarsa da kwaɗo, ya miƙa mata makullin, ya ce ta riƙe, in ruwa ya janye za su dawo. Ruwa bai janye ba. Kakana ya rasu, ita kuma ta ƙulle makullin a haɓar zaninta. Da shi ta yi aure, da shi ta haifi 'ya'ya bakwai, da shi ta yi takaba. In tana tunani ko tana ciniki, sai hannunta ya kai kan ƙullin ba tare da ta sani ba. Kowa a ƙauyen ya san da wannan makulli, amma ba mai ɗaga maganarsa.

Tana kiwon maguna har biyar saboda ɓeraye, kuma ba wadda ta taɓa raɗa wa suna. Duk "kai ɓarawo" take kiransu.

Ni koyarwa nake a firamare a Ƙofa. A dogon hutun bara na fara rubuta labarin wasu maguna biyu, muzuru mai suna Sajan da baƙar kyanwa Kofur, waɗanda ke binciken wanda ya kwashe wa wata mai banda kwandon kifinta. Ba kisa, ba jini, labarin nishaɗi ne kawai. Kullum bayan la'asar nake saka shafi ɗaya a guruf ɗin wasap, in kuma karanta shi da murya don waɗanda ba sa karatu. Kafin mako biyu mun haura mutum ɗari biyu, tun daga Kiru har Doguwa. Da na san abin da ke jirana, da a aljihun tebur na bar shi.

Wata Ramla daga Doguwa, tambayarta ɗaya kullum: yaushe Sajan zai auri Kofur? Na ce mata abokan aiki ne. Ta ce ai daga aiki ake farawa. Wani Malam Mujitaba ya turo saƙon murya na minti tara, wai baƙar kyanwa mai magana ba kyanwa ba ce, in nemi tsari, in kuma mayar da ita fara. Wasu suka ce labarin ba kuka a ciki. Wata ta ce ta fasa bi, tunda har shafi na shida ba wanda ya hau jirgi. Ni da na zauna don in huta da surutun 'yan aji uku, sai ga ni da aji mai mutum ɗari biyu, ba kuma wanda zan iya kora waje.

Gwaggo kuwa a bakin tukuba take saurare, a wayar maƙwabciyarta. Duk ranar da na je gaishe ta, ko amsa gaisuwar ba ta gamawa.

"Ke Khairiyya, a wane gari aka taɓa ba mage gadin kifi? Ai an ba kura ajiyar nama ke nan. Shekara arba'in ina banda, ban taɓa ganin magen da ta shinshina kwando don ta taimaki mai shi ba."

"Gwaggo, labari ne fa."

"Ko ƙarya ce a yi ta da hankali."

A shafi na tara na tafka kuskuren. Akwai dabarar da marubuta ke yi, a nuna wa mai karatu wani ya yi ta zarginsa, alhali ɓarawon na gefe. Nawa ɓarawon direba ne, na ajiye shi sai ƙarshe. Ina neman wadda za a zarga a banza, sai na ƙirƙiro wata tsohuwa da Kofur ta gani tana kewaya rumfar kifin. Don ta zauna a ran mai karatu, na ce akwai wani tsohon makulli ƙulle a haɓar zaninta. Wallahi burge ni ya yi. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa rabin 'yan guruf ɗin sun san mace ɗaya tak mai irin wannan makulli ba.

Washegari magana ta gama ƙauye. A wurin mutanenmu, in 'yar gida ta fito ta siffanta babbarta a gaban jama'a, to akwai dalili. Na shiga guruf na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Na ce tsohuwar ba ta saci komai ba, dabara ce. Malam Mujitaba ya amsa da cewa ruwa ba ya tsami banza. Wata ta ce biri ya yi kama da mutum, don an taɓa ɓatar da kifi a rumfarsu shekarun baya. Kai, mutane!

Ranar kasuwa, Lubabatu, wadda ta shekara goma tana sarin kifin Gwaggo tana kaiwa Tudun Wada, ta janye kwandonta gefe da Gwaggo ta matso. Cikin wasa ta yi, in ji ta, har da dariya. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta kwashe kayanta ta koma gida, kasuwa biyu ba a gan ta ba.

Na je gidanta da rana tsaka. Na tarar tukuba a kashe, maguna kwance a kai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Wa ya saci kifin?"

"Direba ne, Gwaggo."

"Sai ki ɓata wa Buba direba suna shi ma? Mota ɗaya ce ke ɗaukar kifi a garin nan. Duk mutumin da kika sa, akwai mai kama da shi. Ki faɗi gaskiya mana. Duk mai banda ta san ɓarawon kifinta." Ta nuna magunan da baki.

Haka na koma na rushe ƙarshen da na yi wata guda ina ginawa. A shafi na ƙarshe Kofur ta gano ƙayar kifi a ƙarƙashin tabarmar Sajan. Shi ya cinye kifin, shi kuma ya jagoranci binciken.

Guruf ya kama da wuta. Ramla ta ce na cuce ta, ta riga ta zaɓa wa auren anko. Mutum sittin suka fice a yini ɗaya. Amma masu banda sun yi dariya har da riƙe ciki, Lubabatu kuma ta je har gida ta ba Gwaggo haƙuri. Na ce shi ke nan, an wuce wurin.

Da na koma, tukuba na hayaƙi. Gwaggo ta saurari shafin har ƙarshe, ta ce, "Yanzu kika yi magana." Sai ta shiga ɗaki ta fito, ta kama hannuna ta danƙa min wani abu mai sanyi. Makullin ne.

"Gwaggo, ai an wanke ki."

"An wanke ni. Amma shekara hamsin ba wanda ya taɓa kallon haɓar zanina, yanzu kowa can yake fara kallo kafin ya gaishe ni. Tunda kin ɗauka ba ki tambaya ba, riƙe shi gaba ɗaya."

Na roƙe ta har da hawaye, ta ƙi karɓa. Ta koma bakin tukuba tana juya kifi. Can wata mai saye ta yi sallama, suka fara ciniki. Ina zaune ina kallo hannun Gwaggo ya sauka kan haɓar zaninta, ya laluba, ya sake lalubawa, sannan ta mayar da shi kan kifin.