Binnen Gwaggo da Masu Neman Zinariya

Ana sallame sallar asuba muka bar Matameye, ni da abokina mai babur, na'urar neman zinariya naɗe cikin tabarma a tsakaninmu. Masu bibiyata sun saba jin tafiye-tafiyena na arewa, inda ake kwana huɗu a bayan mota kafin a ga rijiya. Wannan karon wani ƙauye ne a ƙasar Yauri ta nan kusa da mu, ba ta Nijeriya ba, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, amma ban taɓa fita zuciyata na tafasa kamar ranar ba. Shekara shida ina yawo da na'ura don in samo zinariya. Ranar nan na ɗauke ta ne don in tabbatar wa mutane cewa babu ita.

Ga yadda abin yake. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu da gona ɗaya. Daminar bara ta yi mana rowa, gero ya bushe yana tsaye. Abin da Gwaggo ta tsira da shi tiya uku ne na iri, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Yunwa ta yi yunwa, ba ta fasa tulun ba. Da bazara ta yi nisa sai ta yi binne, wato ta shuka irin a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Kwana biyar da binnen wani Alhaji ya bi ta bakin gonar da sabuwar na'ura, na'urar ta yi kuka, gari ya tashi da dagi da fartanya. Saƙon da ta aiko mini ta wayar maƙwabta gajere ne: "Na gaya musu kashin maƙera ne, sun ce tsufa ke damuna. Tunda maganar ƙarfe kaɗai suke ji, ka zo da naka ƙarfen."

Mu gidan ƙira ne. Kakanninmu sun narka tama, dutsen da ake fitar da ƙarfe, a wurin nan tun kafin ya zama gona, tarkacen da wuta ta bari kuwa, shi ake kira kashin maƙera, yana nan birjik a ƙarƙashin yashi. Duk na'urar da ta bi ta kansa sai ta yi ihu.

Mun sha isansi, wato man fetur, a bakin tasha, kwalba biyu, kuɗin ya kusa ninka na bara. Mai sayarwa ya ce kada mu harare shi, mu harari iyaka. Gaskiyarsa. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe hanyar Nijeriya, mazan da suka saba cin rani a Kano da Katsina suka yi rani guda a gindin bishiya. Duk ƙauyen da muka wuce ga su nan, ƙarfafa, da sassafe, suna bin babur da ido. Mutumin da ya yi wata shida hannunsa bai taɓa aiki ba, in ka ce masa akwai zinariya a ɗakin uwarsa ma sai ya tambaye ka ta wace kusurwa.

A shingen da ke gaba da gari wani soja ya ɗaga mana hannu. Na kwance tabarma, na miƙa takardar na'ura. Ya juya ta, ya dubi faifan na'urar, sannan ya rage murya ya ce, "A ina aka samu?" Na ce, "Ba a samu ba, shi ya sa zan je." Ya yi dariya irin ta wanda ya ce na gane ka, ya ɗage mana igiya. In labarin ya kai sama aka zo aka killace gonar, wa Gwaggo za ta kai wa kuka? Yanzu ba ɗan majalisar da za ka tare a ƙofar gida. Na ce wa abokina ya ƙara wuta.

Da muka sauka daga kwalta yashi ya karɓe mu. Sau uku ina sauka ina tura babur, abokina yana zaune a kai yana ba ni shawara. Itatuwan gawo ne kaɗai ke da ganye, a ƙarƙashinsu shanu ƙashi da fata suna tsintar 'ya'yan da suka faɗo. Mun wuce amalanke biyu ɗauke da kara, wanda a da ake bari a gona, yanzu ya zama hajar kasuwa. A wata 'yar kasuwa muka tsaya karyawa. Ƙosan ya rame kamar shi ma fari ya taɓa shi, furar kuwa sai da na leƙa ƙwarya sau biyu ina neman nonon. Tiyar gero ta haura jaka ɗaya, wato sefa dubu. Mai furar ta ga faifan na'ura ya leƙo daga tabarma, ta ce in Allah ya ba ni kada in manta da ita. Ashe labarin ya riga mu isa ko'ina.

Da hantsi muka iso. Ban shiga gari ba, gonar muka nufa. Wallahi da na ga wurin sai da idona ya kawo ruwa. Gefen gabas duk ramuka ne, wasu iya gwiwa wasu iya ƙugu, jan ƙasar ƙasa ta hau kan ta sama. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, da irin da ke cikinsa. Mutane sun fi ƙarfin in ƙirga, har da mai shayi ya kafa tebur. A cikin wani rami na hango taubashina, ɗan Gwaggo na cikinta, ƙura har gira. Na ce, "Bawana, kai ma? Kano ta hana ka dako, ka dawo kana yi wa uwarka kabarin gero?" Ya ce, "Kai da ka ci ka ƙoshi a arewa ai sai ka yi wa'azi." Mun saba tsokanar juna tun muna yara, amma ranar ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Gwaggo na zaune a gindin gawo a tsakiyar abin da ya rage na gonar. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambaye ni gida ba, ta ce, "Ka zo da shi?" Na ce na zo da shi.

Na tsaya na kalli Alhajin yana aiki, kuma ba zan ɓoye ba, ya ba ni tausayi. Na ji shanun nomansa biyu ya sayar ya sayi na'urar a Agadas, inda mai shago ya gwada masa ita a kan tsabtataccen yashi. Ba wanda ya koya masa komai. Ya murɗa ƙarfin jinta har ƙarshe, ga agogo ga zobba a hannu, yana wurga faifan sama-sama da sauri kamar mai shara. Na'urar da aka yi wa haka ko a tsakar masallaci sai ta yi kuka.

Na cire agogona da waya da makullai na ba abokina. Na nemi wuri mai tsabta, na riƙa ɗaga faifan ina saukewa a hankali har gunjin na'urar ya kwanta ya zama ɗaya. Wannan shi ne daidaita ta da ƙasar wuri, kuma wanda bai yi shi ba bai fara aiki ba. Na cire abin sauraren na'urar da ake sawa a kunne don kowa ya ji. Na bi bakin wani rami, faifai dab da ƙasa, ina kai shi dama ina dawo da shi hagu, kowane zagaye yana hawa rabin na baya. Ta yi kuka mai kaushi, a tsinke. Na ce su riƙe wannan muryar. Sannan na fito da ɗan kunnen zinariya na matata, wanda na aro da rantsuwa kala-kala, na tona taki ɗaya na rufe shi a gaban idonsu. Na bi ta kai. Murya ta fito siririya, a dunƙule, iri ɗaya zuwa da dawowa. Na kusa da ni suka fara gyaɗa kai.

A nan wayona ya kusa kashe ni. Na tone ɗan kunnen na ɗaga shi sama don a gani, na manta cewa na baya ba su ga lokacin da na rufe shi ba. Abin da suka gani kawai shi ne baƙo mai na'ura ya ciro zinariya daga gonar Gwaggo. Wani ya ƙwala ihu, "Ya samu!" Sai ga mutane sun yo ca, suna tsallake ramuka, sun nufo ɓangaren da ba a taɓa ba. Ina ihu ina cewa na matata ne, wa ke ji? Garin neman gira na tashi rasa ido. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Gwaggo ce ta tashi. Ba ta yi ihu ba. Ta tako ta zauna daɓas a ƙasa a gabansu, ta sa yatsu ta tone rami ɗaya na shukarta, ta ɗebo 'yan ƙwayoyin gero a tafin hannu ta miƙa. Ta ce, "Ku duba. Ku duka manoma ne, 'ya'yan manoma. Wanne ne a cikinku bai ci irinsa ba bana? Ni ban ci nawa ba. Yaran nan sun kwana da ruwan tafasa ina kallon tulun. Wanda zai taka shi, bismilla, ya fara da ni." Na gaba suka ja birki, na baya suka yi karo da su. Wani dattijo ya sauke daginsa ya ce a'uzubillahi.

Na samu bakin magana. Na ce Alhaji ya zaɓi wuri uku da na'urarsa ta fi kuka a cikin inda aka riga aka tone. Ya zaɓa. Kowane wuri na riƙa ɗibar ƙasa da hannu ina wucewa da ita ta kan faifai, ina raba ta biyu ina zubar da wadda ba ta kuka, har abin ya rage a tafina. Duka ukun baƙin dunƙule ne mai ƙofofi. Na fito da maganaɗisun da na ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, na kanga, suka maƙale. Na ce zinariya ba ta bin maganaɗisu, kuma a arewa kusa da farin dutse muke samunta, nan kuwa ko ka tona tsawon mutum uku yashi ne. Alhaji ya karɓi dunƙulen yana juyawa.

Na ɗauka an gama. Sai wani daga baya ya ce, "Dabara ce. So yake mu watse ya dawo shi kaɗai da na'urarsa, gonar gidansu ce." Na ji guna-guni ya fara tashi. Na dubi taubashina, ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in na tafi da wannan zargin a bayana, kafin jibi sun dawo. Kuma ina da motar arewa da zan bi mako mai zuwa, da ita nake ciyar da gidana. Duk da haka na kashe na'urar, na naɗe ta cikin tabarmarta, na kai gaban mai gari, wanda shi ma yana wurin, na ajiye. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan a hannunka har a yanke geron gonar nan. Bayan kaka duk mai so ya zo mu bi ta taki-taki da ita. In aka samu zinariya ko ta kai ƙwayar gero, na bar wa garin na'urar." Mai gari ya ce jama'a sun shaida? Aka ce an shaida. Ya sa aka kai ta ɗakinsa.

Daga nan aka fara zarewa ɗaya-ɗaya. Mai shayi ne ya fara naɗe kayansa. Taubashina ya juya fartanya ya fara mayar da ƙasa cikin ramin da ya tona, mutum biyar ko shida suka kama masa. Irin da ke wannan gefen ya riga ya tafi, ba mai dawo da shi. Gwaggo ta mayar da ƙwayoyin hannunta cikin raminsu ta danne da diddige, sannan ta tambaye ni mutanen gida.

Bayan la'asar muka juyo. Babur ya yi sauƙi, abokina ya ce ko ba komai yashi zai raga mana. Sojan shingen ya ga ba tabarma, ya ce, "An sayar ke nan?" Na ce an ajiye. Muka shigo Matameye ana kiran magariba.

Na san abin da ake faɗa a majalisarmu, cewa na ajiye abin cin abincina saboda tiya biyu na gero da ba a ma san ko zai tsiro ba. Ku faɗa da kyau. Motar arewa ta tafi ba ni, kuma ban san da me zan riƙe gida zuwa kaka ba, wannan yana hana ni sukuni. Amma tafiyar nan ta nuna mini cewa na'ura ba ta ƙarya, ba ta kuma gaskiya, ƙarfe kawai take ji, mai yunwa ne ke fassara kukanta yadda yake so. Ni na koyi jin muryarta a shekara shida, amma da tsohuwar nan ba ta zauna a ƙasa ba, da ilimina ne ya ƙarasa gonar. Yau kwana tara ke nan, ruwa bai sauka ba tukuna. Kullum da safe ina fita in dubi gabas. Ko ya zo ko ya ƙi, ba wanda zai ce mu muka tone abincin yaran nan da hannunmu.