Sunan da Aka Canza a Shagon Saloma

Saloma Ezekiel ba ta iya zama wuri ɗaya. Waɗanda suka san ta tun tana ƙarama sun ce bariki ne ya mayar da ita haka, domin ubanta soja ne ɗan Dabai, kuma kafin ta shekara goma sha biyar sun zauna a garuruwa shida. A Kaduna ta koyi tafireta, daga baya ta koyi kwamfuta. Da uban ya yi ritaya ya koma gonarsa, ita sai ta tsaya a Zuru, ta kama shago kusa da kasuwa a shekarar 2003, tana buga wa mutane takardu.

Cikin shekara uku kwamfutocinta suka zama huɗu. Wani mai gyara ya haɗa mata su da waya, ya sa duk abin da aka rubuta ya riƙa sauka a faifan ajiya guda, cikin babbar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinta. Tsarin ya yi mata daidai. Takan fara wasiƙa a wannan kujera, ta tashi ta leƙa waje, ta ƙarasa a waccan. Kujerun da ba kowa kuma takan ba malaman makaranta da ma'aikata su buga nasu da kansu. Kalmar sirrin shiga tana rubuce a takarda an manna a bango, saboda ta gaji da amsa tambaya duk lokacin da wuta ta dawo.

Wata Litinin a damina Mama Theresa ta zo. Matar soja ce, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, tana sayar da dawa a kasuwa. Ta kawo wasiƙar da za a aika wa ofishin fansho, mai nuna cewa ita ce magajiyarsa, ita da 'ya'yansu huɗu. Saloma ta buga, kafin ta fitar aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi. Sai ranar Laraba takardar ta fito. Mama Theresa ba ta karanta Turanci, ta dangwala yatsa ta tafi.

Washegari ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"'Yata, me na yi miki?"

"Mama, lafiya?"

"Na kai wa fasto ya duba kafin a aika. Ya ce sunan ƙanen mijina ne a ciki. Ni ba ni ciki."

Saloma ta buɗe wasiƙar a kwamfuta. Gaskiya ne. An cire suna ɗaya an sa wani, ba a taɓa ko ɗigo a sauran ba. Kwamfutar ta nuna an yi gyaran ranar Talata da rana, lokacin da ta tafi neman makaniken janareto, wuta ta dawo a bayanta. Mutum bakwai ne suka zauna a shagon ran nan, dukkansu manya, dukkansu ta san su.

Nan take ta gyara, ta fitar da sabuwa, ta karanta mata layi-layi da Hausa. Mama Theresa ta karɓa ta ce, "To," ta juya.

Tun daga ranar Saloma ta rasa natsuwa. Ta yage takardar bango, ta canza kalmar sirri, bayan kwana biyu ta sake canzawa. Idan mutum ya zauna yana rubutu sai ta samu kanta tsaye a bayansa. A coci, ana waƙa tana duban fuskoki. Wani malamin lissafi da ya lura da halinta ya ce ta zo ta gani. Daga kujerar ƙarshe, cikin minti biyu, ya buɗe takardun da ta ɗauka ta kulle.

"Madam, duk waya ɗaya ce," in ji shi. "Wanda ya san hanya zai kai."

Ta rufe shago, ta hau mota zuwa Sakkwato. Shaguna uku ta shiga, kowa na son sayar mata da faifan maganin cutar kwamfuta. A na huɗu ta samu Malam Lukuman, dattijo mai gyara, wanda ya saurare ta har ta gama ba ta zauna ba.

"Madam, ki zauna mana," ya ce. "Mi kike so ki tsare, kwamfutar ko takardun mutane?"

"Takardun."

Ya jawo wani aljihun ƙarfe mai ɗan makulli a gaba. Ya ce za a sa faifai na biyu a ciki, a zura a babbar kwamfutar. Faifan farko na kowa ne, a bar shi a kan waya. Na biyun nata ne ita kaɗai, ba za a buɗe wa sauran kwamfutocin hanyarsa ba. Idan ta murɗa makullin, wuta ba ta kaiwa gare shi, ko babbar kwamfutar ma ba ta san yana nan ba. Za ta iya zare shi ta tafi da shi gida. Ya kuma nuna mata filas, ɗan abin ajiyar takardu da ake soka wa kwamfuta, mai ɗan maɓalli a gefe: in an tura maɓallin, ana iya karanta abin da ke ciki, amma ba a iya canza ko harafi.

"In an sace makullin fa?"

"Sai ki san an sace. Da can ba ki ma san an shiga ba."

Ta dawo Zuru da aljihun a cinya, ta ƙi yarda a sa shi a bayan mota. Kwana uku tana kwashe takardun mutane daga faifan kowa da kowa: takardun gona, sakamakon asibiti, wasiƙun neman aiki. Sai a lokacin ta ga yawan abin da ta bari a buɗe, ta kasa cin abinci.

Wasiƙar Mama Theresa ta samu shiga bayan wata biyar. Suna gaisawa a kasuwa, amma ba ta sake kawo takarda shagon ba. Wanda ya canza sunan kuwa, Saloma ba ta taɓa sanin ko wane ne ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin suna zuwa har yanzu, tana gaishe su.

Hankalinta bai kwanta ba, sai dai ya koma kan shagunan wasu. Ranar da ba aiki takan hau kabu-kabu ta nufi Wasagu ko Ribah, duk inda ta ji an buɗe wurin buga takardu. Wasu sukan yi mata dariya. A Ribah wata mai shago, Alice, ta bar ta ta zauna a kwamfuta ta biyu. Saloma ta buɗe mata wasiƙar da ita Alice ɗin ta rubuta wa saurayinta, ta juyar da fuska ba ta karanta ba.

Alice ta ce, "Anti, yaushe za ki koma Sakkwato?"

"Asabar," in ji Saloma, ta riga ta miƙe tana neman jakarta. "Ki fito tasha da wuri, motar farko nake bi."