Jan Fentin Ashemi a Dakalin Yayarsa

Kafin masu keke napep su cika Lafiya da ƙara, Malam Ashemi duba-gari ya riga ya fito, ludayi a hannu. Sai dai ba ya fara shiga gidan kowa. Maƙwabci yake kira ya miƙa masa ludayin, ya ce a duba randar gidan shi Ashemin tukuna, in an ga tsutsa a faɗa a gaban jama'a. Mun daɗe muna yi masa dariya, har muka wayi gari mu ma muna kunyar a same mu da ƙazanta.

Yanzu da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daminar da ta addabi Mimidoo, 'yar Tibi mai sayar da doya a ƙarshen layinmu. Duk ruwan da aka yi, a ɗakinta yake sauka. Har ta ɗaure kaya.

"Baba, katifa ya jiƙe, doya ya ruɓe," ta ce masa. "Ni zan bar unguwa."

Ashemi ya bi lambatu da sanda har inda ya toshe. Ashe dakalin siminti ne da yayarsa Yagana ta gina a kai, inda take toya waina. Mun ɗauka zai kau da kai kamar yadda aka saba. Sai ya buɗe gwangwanin jan fenti ya shafa wa dakalin alamar rusau.

"Ashemi, ni fa na goya ka!" in ji Yagana.

"Na sani, Yaya. Shi ya sa ban aiko kowa ba."

Da hannunsa ya fasa, idonsa jawur. Ranar Asabar aka yi gayya, Gwandara da Eggon da Tibi, aka yashe lambatu, aka gina wa Yagana sabon dakali a gefe. Mimidoo ta kwance kayanta. Yagana kuwa ta daina amsa gaisuwarsa, ko tuwon Sallah ta daina aiko masa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma kullum sai ya tsaya a ƙofarta ya gaishe ta.

Kai ne dodon ƙazamai, Ashemi. Kai ka nuna mana doka ba ta san ɗan'uwa ba, kuma mai ita ba sai ya wulaƙanta kowa ba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar hutu. Ku kuma kansiloli da masu unguwanni, kafin ku leƙa randar wani, ku fara miƙa ludayin.

Ranar walimar ritayarsa Yagana ba ta zo ba. Ana shirin tashi sai ga Mimidoo da kwano a rufe, waina ce tana tururi.

"Mama Yagana ya ce in gaya maka bai huce ba," in ji ta. "Amma ka ci da zafi."

Ya zauna ya cinye tas, bai ba kowa ba.