Malama Mardiyya Munir da Mabuɗin Ɗakin Kwamfuta

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Mardiyya ranar Talata, 14 ga Maris, 1961, a garin Abuja na asali, wanda daga bisani aka sauya wa suna zuwa Suleja. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya tara na Alhaji Munir Maiturare da Hajiya Saudatu. Ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha uku, sannan ta shiga kwalejin horon malamai mata, inda ta ƙware a keken rubutu.

Aiki da Aure

A 1982 ta kama aikin koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke garin. Shekarar da ta biyo baya aka ɗaura mata aure da Malam Fakhruddeen, ma'aikacin gidan waya.

Al'amarin Mabuɗi

A watan Oktoba na 2006, wata ƙungiyar raya ƙasashen Afirka ta bai wa makarantar kwamfuta ashirin. Hukumar makaranta ta bi al'adar wancan zamani: aka lulluɓe su da farin ƙyalle, aka garƙame ɗakin, ba a buɗewa sai manyan baƙi sun zo daga Abuja, a zaunar da 'yan mata a ɗauki hoto, a tashe su. Aka damƙa wa Malama mabuɗi domin kakkaɓe ƙura kawai.

Ita kuwa kullum bayan la'asar sai ta yaye ƙyallen, ta shigo da ɗalibai. Cikin wata goma sha huɗu ta koyar da sittin da uku, kwamfuta biyu suka lalace a hannunsu. Aka aiko mata da takardar tuhuma, tare da sharaɗin ta nemi afuwa ko ta rasa muƙamin mataimakiyar shugaba da aka riga aka yi mata alkawari. Amsarta tana nan a rubuce: "Ranka ya daɗe, biyun da suka lalace sun yi aikin da aka kawo su yi. Sha takwas ɗin da suka rage ma, a bar mini mabuɗin, haka zan yi da su."

Aka karɓe mabuɗin, aka mayar da ita wata makaranta a garin Lambata a Janairun 2008. Can babu na'ura ko ɗaya, sai ta zana maɓallan kwamfuta a jikin kwali, yara suna horar da yatsunsu a kai. Sau uku ana yi mata tayin komowa bisa sharaɗin nan, sau uku tana ƙi. Ta yi ritaya a 2017 ba tare da muƙamin ba.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Juma'a, 9 ga Yuni, 2023, tana da shekara sittin da biyu, aka yi jana'izarta a Suleja bayan an sauko daga masallaci. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Munir, Rabi'a, Hauwa da Saudatu.

Ɗakin kuwa bai sake buɗuwa ga ɗalibai ba sai a 2015, da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta. Cikin sha takwas ɗin da aka adana ƙarƙashin ƙyalle, ko ɗaya ba ta kunnu ba. Wadda aka kira ta farfaɗo da bakwai daga cikinsu ita ce Joy Gidiyon, ɗaya daga ɗalibai sittin da ukun nan, kuma mabuɗin yana hannunta har yau.