Babur ɗin da na ƙi hawa

Shekarun baya, da aka gama kakar gyaɗa, ɗana ya ce zai sayi babur. Na ce ƙafata ƙafarsa har Karaye. Ban yi boko ba, amma na tsufa ina sayen kasko da tukunya, kuma ƙa'idata ɗaya ce: ka ɗaga, in da nauyi ƙarfe ne, in babu an cuce ka.

Mai shagon ya nuna mana ɗan siririn nan da ake kira roba-roba. Ya ce giyarsa huɗu, ba shi da kulochi, da ƙafa kawai ake canzawa. Yana tashi da maɓalli, in batir ya mutu a yi masa kik. Tankinsa na ƙarƙashin kujera, ƙarami ne, amma mai yana daɗewa a ciki. Kamfanin na ƙasar Sin ne, wai da ƙera injin ban ruwa ya fara. A kwali ake kawo su, a harhaɗa su a Kano.

Na kama bayansa da hannu ɗaya, sai ga taya ta bar ƙasa.

Na ce, "Malam, wannan na yara ne ko na manya?"

Ya ce, "Iya, rashin nauyin ai shi ne amfaninsa."

"Haka mai ƙosai ke cewa in ƙullu ya yi ruwa."

Ɗana ya ce, "To, Inna." Bayan kwana uku ya shigo gida da shi. Ni dai na ƙi hawa. Wata bakwai ina tafiya unguwa a ƙasa, yana bina a hankali yana roƙo.

Da damina ta yi tsakiya, wata safiya aka bugo waya daga Jajaye: yayata ta daina cin abinci, tana ta kiran sunana. Babu mota a garinmu Kwanyawa ranar. Na ɗaura zani, na hau babur ɗin ba tare da na dubi fuskar ɗana ba.

A hanya muka tarar rafi ya kawo. Manyan babura huɗu na tsaye a bakin ruwa, masu su na jiran ya janye. Wani ya ce sai la'asar, in Allah ya so. Ɗana ya naɗe wando, ya kira wani Bafulatani da ke tsaye da sandarsa. Shi ya kama gaba, wancan ya kama baya, suka ɗaga babur ɗin sama da ruwa suka haye. Ya dawo ya goya ni. Bafulatanin ya ce, "Inna, da kin sani ke muka fara ɗauka, kin fi shi nauyi." Na harare shi.

Na sami yayata da sauran numfashi. Ta gane ni, ta riƙe hannuna, muka yafi juna. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban ce wa ɗana ya yi gaskiya ba, uwa ba ta faɗin haka. Amma tun daga ranar, in yana bayanin abin da ya sani, ina bari ya kai ƙarshe kafin in ce a'a.