Baba Ya Auna Hanyar Yamai da Ƙafarsa

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Ranar da kawu Ɗangaladima ya iso Filinge riƙe da sandar Baba, ya tsaya ƙofar gidan gwaggo inda nake zaman karatu, ya ce, "Hajo, ɗauko mayafinki, sai haƙuri," wata takarda ce ta fara faɗo mini a rai, kafin hawaye.

Da na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, malaminmu da muke kira mushe ya ce za a tura ni makarantar kwana, ko Yamai ko Damagaram, in je in yi shawara da gida. Baba Arzika bai san baƙin boko ko ɗaya ba, amma ya san zaɓen wuri. Bai taɓa share sabuwar gona ba sai ya murza ƙasarta a tafinsa, ya ɗanɗana ruwan rijiyar da ke kusa. Ya ce da ni, "Ɗiyata, ni ban san kilomita ba. In kin kwanta ciwo, kwana nawa kahin in iso?" Na ce Yamai kwana huɗu, in an dace da mota a Baleyara, Damagaram ban sani ba. Ya ce, "Wurin da ba a san kwanakinshi ba, ba ni kai ɗiyata."

Na sunkuyar da kai na ce to. Da na koma Filinge, na ce wa mushe Baba ya zaɓi Damagaram, ya rubuta. Kunya nake ji. Na hango shi ya zo mini ziyara da warkinsa da layunsa da goran fura, ƴan matan birni na leƙe suna dariya. Nisa nake so, don kada ya iya zuwa.

Shi kuwa ya bar gona ana tsakiyar noman fari, ya bi fatake har Baleyara, daga can sai Yamai. Bai shiga makarantar ba. A ƙofa ya roƙi mai gadi ya ɗebo masa ruwan da ɗalibai ke sha. Ya tambayi abin da ake dafa musu. Ya nemo wata tsohuwa mai sayar da fura, mutuniyar ƙasarmu Kurfai, ya ba ta amanata. Da ya biyo ta Filinge, jiƙe sharkaf, yana tari, murmushi yake yi. Ya ce, "Ruwansu na gulbi ne, bai kai namu ba, amma ya shawu. Na auna hanyar da ƙahwata, Hajo. Ina iyawa." Na kasa faɗa masa Damagaram na sa aka rubuta. Kwana tara bayan haka ya rasu.

Ku da kuke zuwa gaisuwa kuna cewa ya yi sa'ar ɗiya mai jin magana, don Allah ku daina. Ba ni da inda zan same shi in ce ya yafe mini.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya shayar da shi ruwan da ya fi kowane daɗi. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya rufa wa ƙannena asiri, Ya fitar da hatsin da ya bari a gona.

Bayan sadakar bakwai zan koma wurin mushe in roƙe shi ya gyara takardar. In ta riga ta tafi, zan jira baɗi. Damagaram dai ba zan je ba. Akwai tsohuwa a Yamai da ke jiran ɗiyar Arzika.